Katin nutso na kwana huɗu da na wata shida

Kati biyu ne a jakata, kowanne yana shaida cewa an koya mini nutso da tukunyar iska a baya. Na farkon a Masar na samo shi, a bakin Bahar Maliya, cikin kwana huɗu. Na biyun kuwa a nan Ingila inda nake zaune, bayan na yi kusan wata shida ina zarya zuwa kwamin ninkaya kowane daren Laraba. Tun da na fara sa hotunan ƙarƙashin ruwa, 'yan uwa ke tambayata wace hanya za su bi idan suna so su koya, kuma amsar ta fi ƙarfin saƙon waya.

Hanyar farko ita ce wadda yawancin mutane suka sani. Kana hutu a garin da ruwansa ke da ɗumi, ka shiga shagon masu nutso, ka biya, a haɗa ka da malami. Nawa katin na PADI ne, ƙungiyar koyar da nutso da aka kafa a Amurka a 1966, wadda ta fi kowace yaɗuwa a duniya. Sai ka nuna za ka iya ninkayar mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Daga nan karatu, sai darasi biyar a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a cikin teku. Ka gama, an yarje maka ka sauka har mita 18 tare da abokin nutso.

Hanya ta biyu ta kulob ce. BSAC, ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya wadda ta ba ni katina na biyu, tun 1953 take, shekara goma ke nan bayan Jacques Cousteau da Émile Gagnan sun ƙera na'urar numfashin da ta buɗe wannan harka a Faransa. Malamanta na rassa 'yan sa kai ne, kowa da aikinsa da rana. Matakin farko nasu yana kai mutum mita 20. Ba wanda ke jiran ka gama don jirginka zai tashi ranar Asabar. Idan abu bai zauna maka ba, mako mai zuwa a sake.

Karatun duka ɗaya ne, domin ruwa bai san sunan ƙungiya ba. Da ka sauka mita 10, matsin da ke kanka ya ninka wanda ka saba da shi a doron ƙasa sau biyu. A mita 20 sau uku. A mita 30 sau huɗu. Shi ya sa kunne ke ciwo idan ba ka toshe hanci ka hura a hankali ba tun kana sauka. Shi ya sa kuma doka ta farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi: iskar da ka cika huhu da ita a mita 10 za ta kumbura ninki biyu kafin ka iso sama, kuma huhu ba zai ɗauka ba. Abin da ke cikin tukunyar ma ba oksijin zalla ba ne kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka matse, kuma kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne. A ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jiki. Ka hau da sauri, ya yi kumfa a jini da gaɓoɓi kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Don haka ake hawa sannu, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma wanda ya yi nutso da yawa yakan jira aƙalla awa 18 kafin ya hau jirgin sama.

Duk wannan na haddace shi a Masar, na ci jarrabawa, kuma malamin da ya koyar da ni mutum ne mai kula. Ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Na dawo na ajiye kati, wata takwas ban jiƙa ƙafa ba.

Ranar da na koma ruwa, a wani tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, irin wuraren da masu nutso a nan ke atisaye. Sanyin ruwan bai wuce digiri 7 ba, kuma ba ka ganin abin da ya wuce tsawon mutum biyu a gabanka. Muna wajen mita 12 ruwa ya shigo mini gilashin fuska. A Bahar Maliya na yi wannan darasi: ka danne saman gilashin, ka ɗaga kai, ka fitar da iska ta hanci, ruwan ya fita. Amma can ruwa mai ɗumi ne, ina durƙushe a kan yashi, malami na gabana. A nan sanyin ya daki goshina da hancina, numfashina ya fara gudu, hannuna cikin safar roba mai kauri ya kasa kama gefen gilashin, kuma zuciyata ba abin da take faɗa mini sai in harba ƙafa in yi sama. Abokin nutsona, wani dattijo da ya fi shekara ashirin a harkar, ya riƙe maɗaurin kafaɗata, ya matso da fuskarsa kusa da tawa, yana motsa tafin hannu a hankali, shiga da fita, har numfashina ya bi hannunsa. Sannan na fitar da ruwan. Da muka fito bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce in zo kwami ranar Laraba.

A wannan kwamin na gane me ake nufi da iya ruwa fid da kai. Wata malama, ma'aikaciyar jinya ce da rana, ta sa na cire gilashi na mayar ban san sau nawa ba, ido buɗe, ido rufe, ina tsaye, ina tafiya. Muka yi ta maimaita yadda za ka ba abokinka abin numfashinka na biyu idan iskarsa ta ƙare, da yadda za ka ɗago wanda ya suma daga ƙasa ba tare da kun yi sama da gudu ku biyu ba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita jiki a tsakiyar ruwa. Akwai darma a ƙugu tana jan ka ƙasa, akwai riga mai iska tana ɗaga ka, huhunka ne ke raba gardama. Ka ja numfashi ka ɗan tashi, ka sake ka ɗan sauka. Wannan ba a koyonsa da ka, sai jiki ya saba, kuma kwana huɗu ba sa isar jiki.

Ra'ayina ke nan, kuma na tsaya a kai: wanda ke zaune inda akwai kulob kusa, ya fara da kulob, ko kuma ya shiga da zarar ya dawo da katin hutu. Sha'awar da ba ka yin ta sai sau ɗaya a shekara tsatsa take yi, kuma a wannan harka tsatsar a ƙarƙashin ruwa take bayyana.

Amma ba zan yi wa hanyar farko butulci ba. Da a ramin dutsen nan aka fara sa ni, da ban sake komawa ba. Bahar Maliya ce ta kama ni. Ruwa garau har kana hango abu a mita 20 ko fiye, murjani kala-kala a Ras Muhammad, kifaye ƙanana ruwan lemo dubbai suna buɗe maka hanya suna rufewa a bayanka, kunkurun teku yana kiwo bai damu da kai ba. Jan launi ne ke fara ɓacewa idan kana sauka, komai ya koma shuɗi, sai ka haska fitila ka ga ashe dutsen nan ja ne wur. Ba waya, ba magana, sai ƙarar numfashinka da kumfa. Na sha yin tasbihi a zuci a wurin nan, domin mutum yana ganin halittun da aka yi ba don idonsa ba. Kuma ga mai aiki da iyali wanda ba shi da daren Laraba, kwana huɗun nan su ne ƙofar da ke buɗe. Ya shiga, ya dai san cewa mita 18 da aka rubuta masa iyaka ce, ba a ce dole ya kai ba.

Ruwan sanyi shi ma da nasa daɗin, sai dai ba ya nuna shi a ranar farko. Kana shiga da rigar da ruwa ba ya ratsawa, da kayan ɗumi a ciki, nauyi kamar an ɗora maka buhu. A tsibiran Farne, arewa maso gabashin Ingila, akwai wata dabbar teku mai ɗan kama da ayu, wadda 'ya'yanta ke zagayowa ta baya su ciji takalmin nutsonka don wasa. Na yi minti arba'in da su ban tuna da sanyi ba sai da na fito yatsuna suka kasa kwance maɗauri.

Ga mai shirin farawa, ya fara gyara ninkayarsa tun kafin ya je, ya kuma faɗi gaskiya a takardar lafiya, musamman idan yana da asma ko ciwon zuciya ko matsalar kunne. Ya tambayi mutum nawa malami ɗaya ke riƙewa a ruwa. Kada ya yi saurin sayen kaya, in ban da gilashin da ya zauna wa fuskarsa.

Ni yanzu nutson da ke rubuce a littafina ya haura tamanin. Kulob ɗinmu na shirin zuwa Scapa Flow a arewacin Sikotilan, inda sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu 52 da hannunsu a ranar 21 ga Yuni, 1919, kuma manya bakwai na nan kwance har yau. Wasu suna wajen mita 40. Dattijon nan ya duba littafina ya ce in tsaya a kan marasa zurfin bana, kuma a kansu na rubuta sunana.