Ba duka dokokin Musa ne suka wuce ba

Duk Kiristan da ya tashi a Sakkwato ya san tambayar nan: in har kun yarda da Attaura, me ya sa wasunku ke cin naman alade? Maƙwabtanmu Musulmi na yin ta da gaskiya, kuma tambaya ce mai kyau. Abin da ke damuna shi ne amsar da matasanmu ke bayarwa: "Ai mu muna ƙarƙashin alheri, shari'a ta wuce." Wannan rabin magana ce, kuma tana ɓata mutane.

Tun da daɗewa malaman ikilisiya suka bambanta dokokin Musa. Akwai na ibada da tsarki, wato hadayun dabbobi, kaciya, abincin da aka hana, da idodi. Akwai na hali, waɗanda Dokoki Goma na Fitowa 20 suka tattaro. Malamin tauhidi Toma Akwinas ya tsara wannan rabo a ƙarni na 13, ya haɗa da kashi na uku, dokokin mulkin Isra'ila. Ikilisiyar Angilika ta rubuta shi a shikashikan bangaskiyarta na 1571: dokokin ibada ba su ɗaure Kirista ba, amma babu Kiristan da aka ɗauke wa dokokin hali.

Dalilin a fili yake. Wasiƙar Ibraniyawa ta kira hadayu inuwar abin da ke zuwa, mu kuma mun gaskata Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Haikalin Urushalima da ake yankan ma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70. To amma hana sata inuwar mene ne? Hana zina fa? Ba su jiran wata cika. A Matiyu 5 ma Yesu tsananta su ya yi, ya kai hukuncin kisankai har kan fushi, na zina har kan kallo.

Wasu na cewa Musa bai ja wannan layi da kansa ba, kuma haka ne. Buɗe Littafin Firistoci sura 19. A aya ta 18 an ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, a ta 19 an hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Kafaɗa da kafaɗa suke. Shi ya sa rarrabewar ke bukatar karatu da tsoron Allah, ba son rai ba. Har yau 'yan'uwanmu masu kiyaye Asabar ba su yarda da mu kan inda ranar hutu ta faɗa ba, kuma ban raina hujjarsu ba.

Amma a surar nan dai aka hana kwana da ladan ɗan ƙodago, aka hana algus a awo da sikeli. Nan ne zuciyata ke ƙuna. Mutum ya cika coci da waƙa ran Lahadi, ran Litinin ya tafi kasuwa da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Wani ya sa lebura ya yi masa jifan bulo cikin zafin watan Afrilu, rana na neman narka ƙarfe, da yamma ya ce masa "dawo jibi", alhali yaron da kuɗin nan zai sayi gero. Wane alheri ne ya halatta wannan?

Ko kan abincin ma mu yi hattara. Da manzanni suka taru a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni 15 ya nuna, sun ɗauke wa Al'ummai, wato masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, kaciya, amma suka ce su guji fasikanci, da abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba. Uku cikin huɗu abinci ne, domin su iya cin tuwo ɗaya da 'yan'uwansu Yahudawa. Bulus ma ya ce gara ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Kiristoci Hausawa da yawa ba su taɓa kai alade baki ba, kuma bangaskiyarsu ba ta ragu ba.

Ina roƙon fastocinmu da malaman makarantar Lahadi su koya wa yara Firistoci 19 aya bayan aya, kafin su koya musu kalmar "ta wuce".