Sujadar Hausa ta zama ta tsofaffi, laifin wa?

A majami'ar da nake zuwa, sujada kashi biyu ce ranar Lahadi: ta Turanci da ƙarfe bakwai na safe, ta Hausa da ƙarfe goma. Wanda ya zo ta farko sai ya yi da gaske kafin ya sami wurin zama. Samari da 'yan mata ne maƙil, ga jita, ga lasifika har ƙirjin mutum na rawa. Wanda ya dakata ta biyu kuwa, iyayenmu mata zai tarar cikin zanen zumunta, da dattawan da suka yi ritaya, da jikokin da aka jawo da hannu. Benci huɗu na baya babu kowa. Bara dattawan ikkilisiya suka yi zama a kan yadda za a tafi da zamani, aka tashi da shawarar sayen majigi da sabon janareta. An saya. Yanzu ana haska baitocin waƙa a bango, benci huɗun nan kuma suna nan yadda suke.

Mun ɗauka zamani kaya ne da ake sayowa a kanti, ko kuma Turanci ne. Ni a ganina ikkilisiyar da ke son ta rayu a wannan lokaci, abin da ya fi komai gaggawa gare ta shi ne ta koma yi wa mutane magana mai nauyi cikin harshen da suke ciniki da faɗa da kuka da shi.

Ai da haka aka fara. Turawan mishan na SUM (Sudan United Mission) sun sauka Wase a 1904, Likita Walter Miller ya zauna Zariya daga 1905, 'yan mishan ɗin da suka kafa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Suna da kurakuransu, ciki har da hana kiɗan gargajiya a wurare da dama. Amma sun fahimci abu guda: sai sun koyi bakin mutane. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, kuma ajin baftisma ya zama ajin koyon karatu. Manomi a Kagoro ko Tangale ya iya haɗa baƙi saboda yana son ya karanta Yohanna da kansa. A lokacin babu abin da ya kai majami'a zamani a ƙauye. Daga baya matan zumunta suka shigo da tulu da caki cikin sujada ba tare da sun jira wani babban taro ya ba su izini ba, kuma har yau waƙarsu ce ke sa ƙato ya share hawaye a wurin jana'iza. Katolika ma, bayan taron Vatikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe ƙofa a yi hadaya, wato babbar sujadarsu, da harsunan jama'a a maimakon Latin zalla.

To me ya faru da mu? Makarantun tauhidinmu manya, irin na Bukuru da na Jos, da Turanci suke koyarwa, kuma ba laifi ba ne, littattafan da Turanci suke. Matsalar ita ce fasto ya yi shekara huɗu yana tunani da Turanci, sai ya hau bagadi ya riƙa fassara wa tsofaffi kalma bayan kalma. Ana jin Hausa a kunne, amma ba ta shiga ciki. Sannan ga al'adar tura mai digiri birni, a tura mai bisharar da ya yi makarantar Baibul ta Hausa can ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina. Yara ba wawaye ba ne. Sun ga inda girma yake, sun bi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, saurayin da ya fito daga sujadar Turanci yana "Haleluya", da ya kai bakin ƙofa Hausa yake yi da abokansa. Wayarsa ma Hausa take ji. Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi, mu koya ba tare da jin kunya ba. Tun zamanin da ake sa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna, malamansu suka mayar da Hausa harshen ilimi mai zurfi. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya rasu tun 2007, amma har gobe ɗan acaɓa na sauraron karatunsa a waya. Mu fa? Waƙoƙin bishara da Hausa muna da su birjik, kuma masu daɗi. Amma ɗan Kirista ya ɗauki waya ya nemi bayani mai tsari a kan Littafin Romawa, ko a kan cacar ƙwallo ta waya da ke cinye masa kuɗin makaranta, ko a kan shaye-shaye, ko yadda zai yi da zuciyarsa bayan an kashe masa uba a gona, sai ya sha wuya kafin ya samu da Hausa. Abin da zai ci karo da shi da sauri shi ne wani mai wa'azi cikin kwat yana ce masa ya shuka iri ya girbi mota. Kowa ya bar gidansa buɗe, akuya ce za ta shiga.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Berom da Bajju da Ngas da Bura da Margi za su ce Hausar nan da nake kuka a kanta ita ce ta haɗiye harsunansu, kuma majami'a na cikin waɗanda suka taya ta. Haka ne. Akwai ƙauyukan da kaka ke addu'a da yarenta a ɗaki, amma a sujada sai Hausa, yau jikanta ko gaisuwa bai iya ba. Ban ce a ɗora Hausa a kan kowa ba. Inda yare ke da rai, a yi wa'azi da shi, a karanta Sabon Alkawarin da aka sha wahalar fassarawa ake barin shi yana cin ƙura a ofishin fasto. Amma a Kaduna da Jos da Gombe da Yola, har Maraɗi, inda ƙabilu goma ke zama a benci ɗaya, Hausa ce ke haɗa su, kuma akwai Hausawa Kiristoci a Kano da Katsina da Zariya da ba su da wani harshen uwa sai ita. Su kuma Turanci ne zai haɗiye su?

Wasu kuma za su ce Turanci ne harshen jarrabawa da neman aiki. Babu musu, a bar sujadar bakwai ta ci gaba. Sai dai mu tuna kullen korona na 2020. Majami'un birni sun koma Facebook, masu data suka kalla. Sauran jama'a da me suka rayu? Da rediyo, da saƙon murya a WhatsApp, da uba ko uwa da suka buɗe Littafin Waƙoƙi a tsakar gida. 'Yan'uwanmu na EYN kuwa sun riga kowa sanin wannan darasi. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatarsu a Kwarhi a 2014, ba majigi suka gudu da shi ba. Abin da ke cikin kai da baki shi ya yi sujada a sansanin gudun hijira.

Aikin ba shi da tsada yadda ake zato. Kuɗin majigi ɗaya zai isa a zaunar da malami mai ilimi da Hausa a bakinsa, a naɗi karatu na minti goma-goma har shekara, a raba ta waya. Makarantun tauhidi su sa wa'azi da Hausa ko da yare cikin abin da ɗalibi zai ci kafin ya fita. A daina mayar da sujadar Hausa wurin gwajin ƙaramin fasto, babba ya riƙa tsayawa da kansa. A kuma bai wa matasa minti ashirin su yi tambaya, ko da tambayar za ta sa dattijo gyaran murya.

Na kawo wannan magana a zamanmu na watan jiya. Wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, maganarka tana kan hanya, amma bari mu gama biyan bashin janareta tukuna." Sakatare ya rubuta ta a cikin abubuwan da za a duba a zama na gaba, ƙarƙashin batun fentin katanga.