Littafin kimiyya yana tsufa, amma ba a cire shi daga kasuwa

Akwai wata matsala da ke tattare da littattafan kimiyya da ake rubuta wa gama-garin mutane, irin masu bayani kan ƙwaƙwalwa da asalin halittu da halayyar dabbobi. Littafi zai fito ya yi kasuwa, a fassara shi zuwa harsuna barkatai, can bayan shekara ashirin masana su gano ashe abin ba haka yake ba, amma littafin yana nan ana bugawa ana sayarwa, mutane kuma suna ta kafa hujja da shi kamar jiya aka rubuta.

Labarin kerkeci ma kaɗai ya isa misali. A 1970 wani masani ɗan Amurka, David Mech, ya fitar da littafi kan kerkeci, kuma littafin ya taimaka sosai wajen yaɗa maganar nan ta cewa kowane garke yana da wani "alfa", wato ƙaƙƙarfan da ya lallasa sauran ya zama shugaba. To asalin maganar daga binciken masanin dabbobi Rudolf Schenkel ne na 1947 a gidan namun daji na Basel da ke Switzerland, inda aka tara dabbobin da ba su haɗa jini ba a waje ɗaya, ka ga kuwa dole a yi faɗa. Da Mech ya shafe shekaru yana kallon su a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada sai ya ga garken ba komai ba ne face uwa da uba da 'ya'yansu, ya rubuta hakan a 1999, har ya riƙa roƙon kamfanin ɗab'i ya daina buga tsohon littafin nasa. Amma yau shiga YouTube ka ga yawan masu koya wa samari yadda za su zama "alfa", wai kimiyya ce ta ce.

Haka zancen "ƙwaƙwalwar ƙadangare". Masanin ƙwaƙwalwa Paul MacLean ne ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar mutum hawa uku ce kamar bene, ta ƙasa irin ta dabbobi masu jan ciki, sai ta masu shayarwa, sai ta tunani a can sama. Masanin taurari Carl Sagan ya ɗauka ya zuba a littafinsa na 1977, ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar rubutu a Amurka. Masu kwatanta ƙwaƙwalwar dabbobi sun daɗe da watsar da wannan, domin su ma masu jan cikin suna da sassan da ake cewa daga baya suka samu a masu shayarwa, siffa da girma ne kawai suka bambanta. Duk da haka har gobe za ka ji mai laccar kasuwanci yana ɗora laifin fushinka kan ƙadangaren da ke cikin kanka.

Ni fa ba cewa nake a daina karanta littattafan kimiyya na gama-gari ba. Shi kansa littafin Darwin na 1859 da harshen da mai karatu na gari zai gane aka rubuta shi, kuma da yawa daga masanan yau irin waɗannan littattafan ne suka ja su zuwa fagen tun suna yara. Su ma manyan littattafan jami'a ba waliyyai ba ne, shekara da shekaru suna maimaita cewa ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa biliyan 100 ne, sai a 2009 da Suzana Herculano-Houzel 'yar Brazil da abokan aikinta suka zauna suka ƙirga aka samu kusan biliyan 86. Bambancin dai shi ne na jami'a ana sabunta shi. Katafaren littafin ilimin ƙwaƙwalwa na Eric Kandel da abokansa ya fara fitowa a 1981, zuwa 2021 ya kai bugu na shida, kowane bugu ana cire wani abu a ƙara wani. Ga nauyi ga tsada ga wahalar karantawa, shi ya sa ba kowa ke leƙa shi ba.

Laifin a ganina ya fi karkata ga kamfanonin ɗab'i. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya ci kyautar Nobel, da kansa ya amsa a 2017 cewa wani babi a littafinsa na 2011 ya dogara da binciken da ba su da ƙwari. Idan marubuci mai Nobel zai iya faɗin haka, me zai hana a ƙara shafi ɗaya tak a farkon kowane sabon bugu, a ce babi kaza da kaza bincike ya wuce su? Ba wani kuɗi zai ci ba, tsoron kar ciniki ya ragu ne kawai.