Inka, Aztek da Maya ba al'umma ɗaya ba ce

Har yanzu ana cakuɗa Inka da Aztek da Maya, tsofaffin al'ummomin nahiyar Amurka, kamar al'umma ɗaya ce mai suna uku. Da dalili, tunda duk sun yi gine-ginen dutse, kuma Sifaniyawa ne suka mamaye ƙasashensu.

Amma Inka a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka suke, babban birninsu Kusko, fiye da kilomita 4,000 daga birnin Aztek a Meziko. Tikal, wani babban birnin Maya, kuwa ya zama kufai wajen shekarar 900, alhali Inka sai a 1438 suka fara faɗaɗa mulki.

Ko adana lissafi sun sha bamban. Maya rubutu suke sassaƙawa a dutse. Inka ƙulli suke yi a jikin zare, gurbin ƙullin ke nuna ɗaya ne, goma ko ɗari.