Takardar da ta tsufa ta fi cutar ɗan Tahoua

Daren Juma'a ƙanena ya turo mini saƙon murya daga Tahoua. "Yaya, ni dai na gaji. Kwana biyu ina kwafar misalin nan harafi da harafi, kwamfuta tana cewa ba ta san shi ba. Ko kaina ne ba ya ɗauka?" Na ce ya ɗauko mini hoton allon. Ina gani na gane. Littafin da ya sauke a wayarsa yana koyar da asyncio, wani ɓangare na Python (harshen rubuta manhaja) da ke tafiyar da ayyuka da dama tare, da tsohuwar alamar nan @asyncio.coroutine, wadda aka fara gargaɗi a kanta tun Python 3.8, aka cire ta ɗungurungum a 3.11, shekarar 2022. Shi kuwa sabon Python ya saka. Kansa lafiya lau. Takardar ce ta tsufa, ba wanda ya gaya masa.

Abin da yake koyo ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa leƙa gidan biki. Wata tana daka, wata tana tankaɗe, mai tuƙi ta ɗora ruwa tana jira, miya kuma tana can tana dahuwa a nata murhun. Ba mai tsayawa yana ba da oda. Gari ya iso, talge ya tashi. Bai iso ba, a jira. Haka ake tsara manhaja ta yi ayyuka da dama lokaci guda, kowane aiki ya motsa sa'ad da bayanan da yake jira suka zo hannunsa. Bafaranshe masanin kwamfuta Gilles Kahn ya nuna tun 1974 cewa in kowane aiki ta layinsa kaɗai yake karɓa, kuma yana jira har abin ya iso, sakamako ɗaya za a samu, ko wa ya riga wani gamawa.

Sharaɗin nan shi ne ran abin, kuma shi ne ake yawan mantawa a rubuta. Ni kaina na yi wannan laifin a wurin aikinmu nan Lyon. A hanyoyin asyncio biyu na tattara amsoshin ayyuka, na maye gurbin gather da as_completed don aiki ya yi sauri. Na farko yana maido da amsoshi bisa jerin da aka tura su, na biyu kuwa wanda ya riga gamawa shi ke fitowa. Takardar bayani na bar ta tana cewa jeri ba ya sauyawa. Irin wannan kuskure ba kullum yake nuna kansa ba, yau ya yi daidai, gobe ya yi daidai, sai ranar da intanet ya yi nauyi lissafi ya haɗu da sunan da ba nasa ba. Abokiyar aikina ta taso daga kujerarta ta tambaye ni, kafin azahar mun gyara.

To, ƙanena wa zai tambaya? A nan ina da intanet dare da rana, ga masana a gefena. Shi da kuɗin aljihunsa yake sayen intanet, ya sauke littafi sau ɗaya ya riƙe shi shekara da shekaru, ya tura wa abokai ta WhatsApp. Abin da ke rubuce shi ne malaminsa, kuma mu an raine mu da girmama rubutu. In misali ya ƙi aiki, kansa yake zargi, ba marubucin ba. Wannan ne ke ci mini rai.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa gyaran takarda aikin bayan fage ne ba. Kayan aikin ma akwai su: Python yana da doctest mai gwada misalan cikin bayani, harshen Rust shi ma yana gwada misalan da ke cikin bayani duk lokacin da aka kira cargo test, misalin da ya ruɓe ya fallasa kansa. A rubuta lambar sigar manhajar da shekara a shafin farko. A faɗi wa ke jiran wa, da ko jeri tabbas ne.

Na sake rubuta wa ƙanena misalin da async da await, kalmomin da suka maye gurbin tsohuwar alamar, layi shida. Da asuba ya turo hoton allo, ya ce, "Yaya, ya tashi."