Zoben nan da ke juyawa a tsakiyar allo

A azumin da ya wuce ciwon gwiwa ya hana mahaifiyarmu fita, sai muka riƙa jingina mata waya a jikin filo tana kallon tafsiri kai-tsaye bayan tarawi. Alaramma zai ja aya, malam ya buɗe baki zai fassara, sai hoto ya daskare, ɗan zoben nan ya fito tsakiyar allo yana ta juyawa. Takan jira, ta ɗan dangwali wayar da yatsa, can sai ta ɗaga murya: "Auta, zo ka duba min, malam ya tsaya." Autan namu ya duba, nan take ya yanke hukunci: "Hajiya, data ce ta yi ƙasa." Ya sayi wata ya ƙara. Zoben bai fasa juyawa ba. Washegari ya ƙara wadda ta fi ta jiya, haka dai aka sake kwanawa.

Tun daga lokacin nake lura da yadda muke yi da wannan matsala, kuma abin yana damuna. Da zarar bidiyo ya tsaya, mutum biyu muke tuhuma: wayarmu da aljihunmu. Ko mu ce wayar ta tsufa, ko mu ce datar ce ba ta isa ba. Mutane na kashe kuɗin da suka sha wuya kafin su samu a kan maganin da ba na ciwon ba, alhali tun watan Janairun 2025 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, kowace giga ta zama abin lissafi a gida.

Data kamar ruwa ce a tanki. Gudun intanet kuwa shi ne faɗin bututun da ruwan ke bi ya iso famfo. Mai tanki cike da siririn bututu zai daɗe tsaye bokitinsa bai cika ba, kuma ko ya sayo tanki na biyu ba abin da zai sauya. Bidiyon da muke kallo ba ya zuwa a dunƙule. Ana yayyanka shi ne gutsi-gutsi, kowane gutsure na 'yan daƙiƙu, waya tana jawo su tana tarawa a ɗan ma'aji kafin ido ya kai kansu. Muddin abin da ke shigowa ya fi abin da ake kallo sauri, ba za ka ga komai ba. Da ma'ajin ya ƙare kafin gutsure na gaba ya iso, sai zobe ya bayyana. Iyakar sirrin ke nan.

Kamfanonin bidiyo ba su ɓoye faɗin bututun da suke bukata ba. Kyan hoto da lamba ake auna shi, gudun intanet kuma da megabit: YouTube ya ce hoto mai lamba 360 yana son megabit 0.7 a daƙiƙa, mai 480 yana son 1.1, mai 720 yana son 2.5, mai 1080 kuma 5. Netflix ya ce 3 don 720, 5 don 1080, 15 don wanda ake kira 4K. A lura, megabit daban yake da megabait ɗin da muke saye: takwas na farkon ke yin ɗaya na biyun. Idan aka buga lissafi, kallon awa ɗaya a kan megabit 5 yana cin wajen giga biyu da kwata, a kan 1.1 kuwa rabin giga ne. Wato wanda ya bar wayarsa a kan 1080 a unguwar da layi ke da cinkoso ya yi asara biyu: bidiyonsa na tsayawa, datarsa kuma na zuba fiye da ninki huɗu. Kuma a allon waya mai faɗin tafin hannu, malami zaune yana karatu ko mutum biyu suna hira a falo, wane ido ne zai rasa wani abu a kan 480?

Saboda haka abu na farko shi ne a auna kafin a saya. Akwai shafin fast.com da Netflix ya buɗe a 2016, akwai kuma manhajar Speedtest. A gwada a daidai lokacin da bidiyon ke tsayawa, a sake gwadawa bayan sallar asuba. Na yi haka a ɗakin Hajiya. Da ƙarfe tara na dare abin da na samu bai kai megabit ɗaya ba. Bayan asuba, a kan tabarmar nan dai, da wayar nan dai, da layin nan dai, ya ninka sau da yawa. Ba abin da ya sauya sai yawan mutanen da ke farke.

Wannan shi ne abin da yawancinmu ba a taɓa yi mana bayaninsa ba. Ka ga sabis a cike a saman waya, ka yi ta mamakin me ya sa abu ba ya tafiya. Waɗancan 'yan sandunan suna nuna maka ne kawai cewa wayarka tana jin ƙarfen sabis da kyau. Ba sa gaya maka mutum nawa ne suka rataya a jikin ƙarfen nan a wannan minti. Ƙarfe ɗaya abin da zai iya bayarwa ƙayyadadde ne, kuma rabawa ake yi. Tsakanin magariba da sha ɗayan dare, lokacin da 'yan kasuwa suka dawo, ɗalibai suka ajiye littafi, matan gida suka kammala aiki aka buɗe fina-finai masu dogon zango, kowa ɗan tsaki yake samu. Tuwon bai ƙaru ba, hannuwa ne suka yi yawa a akushi.

Akwai kuma matsalolin da a cikin gida suke, kuma gaskiya ne a faɗe su. Na'urar MiFi da aka cusa a bayan talabijin ko a cikin durowa ba za ta yi aikin da za ta yi a bakin taga ba. Katangar bulo da rufin kwano suna cinye sigina. Waya biyar a jikin na'ura ɗaya, ɗaya tana sabunta manhajoji, ɗaya tana kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, su ma rabon suke ci. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, in mai zango biyu ce, na 5 ya fi sauri idan kana kusa, na 2.4 ya fi ratsa bango. Waya idan ta yi zafi, musamman ana caji ana kallo a watan Afrilu, da kanta take rage ƙarfin aikinta. Manhajar VPN, mai ɓoye inda kake, da aka manta a kunne takan zagaya da bidiyon ta wata ƙasa kafin ya iso. Kashewa da kunnawa yana taimakawa wani lokaci. Duk waɗannan minti goma sun isa a bi su, kuma ba sa cin ko kwabo.

Kallon kai-tsaye shi ne ya fi wuyar sha'ani, kuma nan ne aka fi zaluntar mai kallo da zargi. Fim da aka riga aka ɗora, waya na iya tara na gaba da yawa ta ajiye. Abin da ake yi yanzu-yanzu kuwa ba a tara shi, domin bai ma faru ba tukuna. Sannan akwai ɓangaren mai aikowa. Yaron da ke riƙe da waya a sahun gaba a masallaci yana tura hoto ne ta ƙarfen da ɗaruruwan masu sauraro suka cika, kuma turawa ta fi saukewa rauni a layukan waya. In hoton ya karye tun daga can, ko kana da intanet mafi sauri a duniya tsayawa zai yi. Gane wannan ba wuya: buɗe wani bidiyo daban. Idan ya tafi sumul, matsalar ba a gidanka take ba. Ina roƙon kwamitocin masallatai da masu shirya taruka su ɗauki wannan da muhimmanci. Su rage nauyin hoton da suke turawa, su ba sauti fifiko, su kuma ɗora cikakken karatun bayan an tashi. Tsohuwar da ke gida muryar malam take bi, ba ƙyallin rawaninsa ba.

Har manyan ma abin yana kayar da su. Ranar 15 ga Nuwamban 2024, da Netflix ya nuna damben Mike Tyson da Jake Paul kai-tsaye daga jihar Texas, kamfanin ya ce an kai na'urori miliyan 65 suna kallo a lokaci guda, kuma mutane da yawa a Amurka, masu intanet na wayar da aka ja musu har cikin ɗaki, zoben nan suka yi ta kallo. A watan Maris na 2020 kuma, da kullen korona ya zaunar da Turai a gida, sai da Tarayyar Turai ta nemi Netflix da YouTube su rage nauyin hotunansu, suka kuma rage. Can ba wanda ya ce wa jama'a wayoyinsu ne suka tsufa. An gane cinkoso ne, aka yi maganinsa a matsayin cinkoso.

Mu kuma namu yana da ƙarin tsawon hanya. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke kawo intanet Najeriya, irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na Google da ya iso a 2022, a gaɓar Legas suke sauka. Daga nan zuwa Kano tafiyar kusan kilomita dubu ce, a cikin wayar gilashi da aka binne a gefen titi, wadda katafilar mai gyaran hanya ko gatarin ɓarawo ke iya tsinkewa a kowace rana. Ranar 14 ga Maris na 2024, a farkon azumin shekarar, wayoyi huɗu suka lalace a teku daura da Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, intanet ya durƙushe daga Najeriya har Ghana da Laberiya, bankuna ma suka shiga wahala. A ranar nan mutum nawa ne suka sayi ƙarin data suna zaton tasu ce ta ƙare?

Dabarar rage wannan nisa sananniya ce. Google da Netflix suna ba kamfanonin sadarwa na'urorin ajiya da ake girkewa kusa da masu kallo, ta yadda bidiyon da dubban mutane ke nema zai fito daga cikin gari maimakon ya taso daga Turai kowane lokaci. Arewa na da masu kallo miliyoyi da ke bin shirye-shirye iri ɗaya a dare ɗaya. Babu inda irin wannan ajiya za ta fi amfani kamar nan, kuma ya kamata gwamnoninmu su san cewa kuɗin da jiha ke karɓa kafin a binne waya a gefen titi yana cikin abin da ke hana ta zuwa. Tun 2020 aka daidaita a kan naira 145 kowace mita. Jihar da ta tsawwala fiye da haka, talakanta ne ke biya da zoben da ke juyawa.

Na san abin da kamfanonin za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Dubban ƙarafan sabis da janareto suke kwana, man dizal ya yi tsada, kayan aiki da dala ake sayowa, ana sace batura, haraji kuma ta ko'ina. Gaskiya ne kuma cewa layin waya ba zai iya yi wa kowa alƙawarin gudu tsayayye ba, tunda iska ɗaya ake rabawa. Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar min da abu a ɓoye min rabin bayaninsa. Kowane talla giga yake kira: giga kaza a naira kaza, kwana kaza. Ba ka taɓa jin an ce maka a unguwarku da ƙarfe tara na dare ga gudun da za ka samu ba. Mai awo a kasuwar Dawanau ba zai sayar maka da buhu ya ce sai ka je gida ka gano ko bakinsa na buɗuwa ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun toshe wannan ƙofa. A Ostareliya tun 2017 hukumar kare masu saye ta sa kamfanonin intanet na gida su riƙa faɗin gudun da aka saba samu tsakanin ƙarfe bakwai zuwa sha ɗaya na dare, wato lokacin cinkoso, a cikin tallansu. A Amurka daga Afrilun 2024 manyan kamfanoni sai sun manna takardar bayani mai nuna farashi da gudun da aka saba samu, kamar yadda ake rubuta abin da ke cikin gwangwanin madara. Kamfanoninmu sun san nauyin da ke kan kowane ƙarfe nasu awa bayan awa. Abin da nake nema ga NCC shi ne ta wajabta a nuna wa mai saye wannan bayani a wurin da yake saye, da harshen da yake ji, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Wanda aka ƙara wa kuɗi da rabi ya cancanci ya san faɗin bututunsa. Kuma ranar da mutanen Fagge ko Tudun Wada suka iya kwatanta layi da layi da lambobi a hannu, a ranar kamfani zai ga dalilin kafa ƙarin ƙarfe a can.

Kafin nan, wanda ya kai kuka ga kamfaninsa ba a share masa hawaye ba, hukumar NCC na da lambar 622 ta karɓar ƙorafi kyauta. A kira da hujja: rana, lokaci, unguwa, da lambar da awo ya nuna.

A gidanmu dai abin da muka yi shi ne muka sauke hoton zuwa 360, muka matsar da shimfiɗar Hajiya kusa da taga. Daren da mai turowa daga masallaci ya gaza, Auta yakan jira a ɗora karatun, ya sauke shi lokacin sahur sa'ad da layi ke sake, ta saurara da hantsi tana jan carbi. A haka ta bi tafsirin har ranar da aka rufe.