Imil Habibi da Tambayar da Ake Yi wa Waɗanda Ba Su Gudu Ba

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, sannan Khartum a watan Maris, mutane suka fara komawa gidajensu, wata tambaya ta shigo tsakaninmu wadda ba ta yi mini daɗi ko kaɗan. Wanda ya gudu yana duban wanda ya zauna, yana son ya san yadda aka yi ya tsira da ransa a unguwar da dakarun Da'am Sari', wato RSF da ke yaƙi da sojoji, suka riƙe wata da watanni. Ba kasafai ake furta ta da baki ba, amma ana jin ta a yadda ake gaisuwa, da yadda hira ke mutuwa idan mutumin ya shigo, wani lokaci kuma a fito fili a kira shi muta'awin, wato mai haɗa baki da abokan gaba, daga nan sai abin da Allah ya yi. Ra'ayina shi ne, kafin ɗayanmu ya yanke wa maƙwabcinsa hukunci, ya nemi littafin Imil Habibi ya karanta, domin marubucin nan Bafalasɗine ya yi rayuwarsa duka a ƙarƙashin irin wannan tambaya, kuma da dariya ya amsa ta.

An haifi Habibi a Haifa a 1922, a gidan Kiristoci. Ya yi aiki a matatar man Haifa, ya yi sanarwa a gidan rediyon Falasɗinu da ke Ƙudus zamanin mulkin Ingila, ya shiga jam'iyyar gurguzu tun yana saurayi, kuma yana cikin waɗanda suka kafa jaridar Al-Ittihad a 1944. Da aka yi Nakba, wato masifar da ta raba Falasɗinawa da ƙasarsu, a 1948, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka bar ƙasarsu, wasu da kora wasu da gudu, kimanin 150,000 suka rage a cikin sabuwar ƙasar Isra'ila, kuma Habibi yana cikin waɗannan da suka rage. An ba su takardar zama 'yan ƙasa, aka kuma ɗora musu mulkin soja har zuwa 1966, ta yadda mutum ba ya barin garinsu zuwa wani sai da izinin gwamnan soja. Masu mulki suna yi musu kallon abokan gaba, 'yan'uwansu Larabawa na waje kuma suna yi musu kallon waɗanda suka sayar da kai. Habibi ya zauna a majalisar Isra'ila, wato Kineset, kusan shekara 20, sannan ya ajiye kujerar a 1972 domin ya rubuta littafin da ya fito a 1974, wanda masu karatun Larabci suka fi sani da Al-Mutasha'il, wato mai haɗa kyakkyawan fata da yanke ƙauna.

Abin da ya fara ba ni mamaki game da littafin shi ne irin mutumin da Habibi ya zaɓa ya ba da labarin. A lokacin da waƙar Falasɗinawa ta cika da jarumai da shahidai, shi sai ya ɗauko matsoraci, wawa, ɗan leƙen asiri mai kai rahoton mutanensa ga hukuma, ya sa masa suna Sa'id. Sa'id da bakinsa yake gaya mana cewa jaki ne ya cece shi: a 1948 an yi musu kwanton ɓauna, aka kashe mahaifinsa, wani jaki da ke yawo ya shiga tsakaninsa da harsashi ya mutu a madadinsa, saboda haka duk sauran kwanakinsa na duniya kyautar jaki ne. Halin gidansu kuwa shi ne duk masifar da ta faɗo su gode da ba ta fi haka ba. Da ɗan'uwansa ya mutu a wani haɗari a tashar jiragen ruwan Haifa, uwarsu ta ce gara da abin ya zo a haka, sai matar mamacin ta tambaye ta cikin kuka me ya fi wannan muni, tsohuwar ta amsa mata cewa ai da ta iya bin wani namiji ta gudu mijin yana raye. Mai karatu zai yi dariya, sannan ya tuna sau nawa shi ma ya ce "alhamdu lillahi, mota kawai suka ɗauka" a cikin wannan yaƙin.

Wurin da littafin ya fi kama ni shi ne labarin farar tuta. A yaƙin 1967 Sa'id yana sauraron sashen Larabci na rediyon Isra'ila, sai ya ji mai sanarwa yana umartar Larabawan da aka ci da yaƙi su kafa farar tuta a kan rufin gidajensu. Umarnin na mutanen yankunan da aka mamaye a wannan makon ne, amma Sa'id ya ga cewa biyayya ba ta yin yawa, sai ya ɗaura farin zanen gado a sandar tsintsiya ya kafa a kan gidansa a tsakiyar Haifa. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin tawaye, domin wanda ya ɗaga tutar miƙa wuya a Haifa yana nufin ke nan Haifa gari ne da aka mamaye. Shekarun da ya yi yana kai rahoto ba su amfane shi da komai ba, aka kai shi kurkukun Shatta aka yi masa dukan kawo wuƙa.

Na ga ƙanin wannan labari da idona a wani shingen bincike a hanyar Gadarif zuwa Fao. Wani dattijo Bahaushe da ke kusa da ni a mota, tun kafin a iso kanmu ya kwance ƙullin ledarsa ya fito da raƙam waɗani, wato takardar lambar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da tsohon katin aiki, har da rasiɗin kuɗin ruwa, kuma da mai binciken ya leƙo sai ya tura masa su gaba ɗaya yana ta sa masa albarka da Larabci. Jikansa ya taɓa shi ya ce, "Kaka, ɗaya fa aka ce a nuna." Dattijon ya ce, "Yi shiru, yaro, ba ka san komai ba." Mai binciken ya juya takardun, ya dubi tsohon, ya tambaye shi abin da yake ɓoyewa da har ya tara wannan shaida duka, sannan ya ce ya sauko. Bayan an daɗe aka sake shi, kuma da motar ta tashi kowa ya fashe da dariya, har shi kansa. Da yawanmu da ke dariyar, tarin takardunmu yana cikin aljihu a shirye.

Wannan shi ne abin da Habibi ya gane, kuma nake ganin masu saurin zargi ba su gane ba. Mutumin da ke ƙarƙashin bindiga ba ya zama yana zaɓa tsakanin jarumta da cin amana kamar yadda muke tsara abin daga nesa. Yana gaishe da wanda ya tsana, yana ba shi ruwa idan ya nema, yana cewa "hadir", wato "to, an gama", ga umarnin da bai fahimta ba, kuma sau da yawa tsoro yana sa ya wuce abin da aka nema daga gare shi har ya zama abin dariya. Jawabin jarumta ba shi da wurin da zai ajiye irin wannan mutum, sai dai ya kira shi maci amana, alhali su ne mafi yawan jama'a a kowane gari da aka mamaye. Barkwancin Habibi yana ba shi wuri, yana nuna wautarsa ba tare da ɓoyewa ba, amma yana mayar da ido kan wanda ya riƙe bindigar, domin shi ne ya tsara duniyar da biyayya ma laifi ce a cikinta.

Kada wani ya ɗauka littafin raha ne kawai. Akwai daren da aka kai Sa'id masallacin Jazzar a Akka, mutanen da suka fake a ciki suka kewaye shi cikin duhu, kowa yana ambaton sunan ƙauyensu da aka rushe yana tambaya ko ya haɗu da wani daga can. Akwai kuma matar da gwamnan soja ya gano tana ɓoye da ɗanta a cikin gonar riɗi, tana ƙoƙarin komawa ƙauyensu Birwa, ya ɗora bindiga a kan yaron ya umarce ta ta nufi gabas kada ta dawo, kuma Sa'id ya lura cewa suna ƙara nisa suna ƙara girma a ido maimakon su ƙanƙance. Birwa kuwa ƙauyen da aka haifi mawaƙi Mahmud Darwish ne. Mu da muke zaune a ƙasar riɗi mun san tsayin karansa, mun san yadda mace za ta durƙusa kafin ya rufe ta. A irin waɗannan wurare Habibi yakan janye dariyar gaba ɗaya, kuma dariyar da ta gabata ce take sa su yi nauyi.

Dole in yi wata togaciya a nan. Halin Falasɗinawa daban, namu daban: su mamaya ce ta raba su da ƙasarsu, mu kuwa 'yan ƙasa ɗaya ne muke kashe juna tun 15 ga Afrilun 2023. Kuma ban ce babu masu haɗin baki na gaskiya ba. Akwai waɗanda suka nuna gidajen mutane, akwai waɗanda suka sayi kayan sata suna sane, kuma waɗannan kotu ce ta dace da su, da shaidu da hujja. Habibi ma bai wanke Sa'id ba, ya bar shi a ƙarshe zaune a kan tsinin wani dogon turke, ya kasa sauka ya kasa zama. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da zama kansa hujja, a ce tsohuwar da ba ta da kuɗin mota, ko mutumin da ya tsaya jinyar mahaifinsa, sai sun yi bayanin dalilin da ya sa ba a kashe su ba.

Mu Hausawan Sudan ya kamata mu fi kowa taka tsantsan da wannan, domin mun san ɗacin a tambayi mutum asalinsa a ƙasar da aka binne kakanninsa. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, kuma kafin su ma akwai alhazan da hanyar Makka ta ajiye a nan. Gumin mutanenmu yana cikin audugar Jazira da riɗin Gadarif. Duk da haka rikicin 2022 a jihar Nilu Shuɗi, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, ya taso ne a kan batun ko Bahaushe yana da haƙƙin sarauta da ƙasa a wurin. A cikin littafin akwai ɗan Sa'id mai suna Wala'a, wanda iyayensa suka raina da gargaɗin ya kama bakinsa a gida da makaranta, har ranar da ya ɗauki makami ya shige wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a bakin teku, ya gaya wa uwarsa cewa ya shiga nan ne domin ya samu ya yi numfashi. Duk uban da ya taɓa ce wa ɗansa kada ya yi Hausa a cikin mota ya karanta wannan babi a hankali.

Habibi kansa bai tsira daga zargin ba har ya mutu. A 1990 ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta ba shi lambar yabo ta Ƙudus, a 1992 kuma aka ba shi babbar lambar Isra'ila ta adabi, ya karɓa. Marubutan Larabawa da dama suka yi masa ca, a ɗaya ɓangaren kuma wani masanin kimiyya ɗan ra'ayin riƙau, Yuval Ne'eman, ya mayar da tasa lambar don fushin an ba Balarabe. Habibi ya ba da kuɗin domin jinyar Falasɗinawan da aka raunata a intifada, wato boren Falasɗinawa. Ni ina ganin da ya ƙi karɓa da ya fi, domin hukumar da ke karrama marubuci tana sayen wani abu da karramawar, ko marubucin ya so ko bai so ba. Amma ina lura cewa da yawa daga masu sukarsa suna zaune ne a biranen da ba su taɓa neman izinin gwamnan soja kafin su ziyarci iyayensu ba. Ya rasu a Nasira a watan Mayun 1996, aka binne shi a Haifa, kuma bisa wasiyyarsa aka rubuta a kabarinsa cewa yana nan zaune a Haifa.

Littafin yana da nasa nauyi. Larabcinsa cike yake da salon maƙama, wato tsohon salon labari mai amsa-amo, da baitocin tsofaffin mawaƙa da zancen tarihi, ta yadda wanda bai yi nisa a karatu ba zai riƙa tuntuɓe, kuma matan da ke cikinsa, Yu'ad da Baƙiya, sun fi kama da tutocin ra'ayi fiye da mutane masu jini. Wasu sun ce ya kwaikwayi Kandid na Bafaranshe Voltaire, kuma Habibi ya riga su, ya sa maganar a cikin littafin, inda Sa'id ya amsa cewa laifin na rayuwa ne da ba ta sauya ba tun wancan zamani. Ni dai na fi ganin Juha, wawa mai wayo na tatsuniyoyin Larabawa, a jikin Sa'id, da kuma Gizo na tatsuniyoyinmu, mai wayon da kullum yake komawa kansa.

Yanzu matasanmu a Gadarif da Kasala da Bur Sudan suna rubuta abin da suka gani a yaƙin nan, da Larabci da Hausa, a Facebook da sauran wurare, kuma mafi yawan abin da nake karantawa ko makoki ne ko kirari. Dukansu suna da hurumi. Amma har yanzu ban ga wanda ya rubuta labarin mai shagon da ya sayar wa ɓangarorin biyu sukari yana yi wa kowanne addu'ar nasara ba, ko na mutumin da ya goge hotunan wayarsa duka saboda shinge, sai wayar da babu komai a ciki ta zama abin da aka tsare shi a kai. Ana ba da irin waɗannan labarai kullum a wurin masu shayi, ana dariya har da hawaye, kuma idan masu ba da su suka ga ana neman wanda za a kira muta'awin, za su daina bayarwa.